Har Agogo Ya Raina Malam

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Malam Alama. Rabin rayuwarsa a gaban allo ya yi ta, yana koyar da ƙididdiga, kuma akwai darasin da ba ya gajiya da shi. Yakan ce wasu abubuwa sikeli ba ya ɗaukarsu, kamar basira da tsoro da ƙauna. Ba a ganinsu, sai dai a bi alamominsu. In alamomi da yawa suka motsa tare, to akwai wani ɓoyayyen abu guda da ke motsa su.

Da ya yi ritaya ya rasa abin aunawa, sai ya koma kan mutanen gidansa. Ya lura matarsa ta daina gaishe shi da safe, sai ta dire shayi ta juya. In ta yi magana, ciki-ciki take yi. Maƙwabci yakan wuce ba sallama. Tsofaffin ɗalibai in sun bugo waya, murya kamar ta mai jin yunwa. Malam ya haɗa wannan da wancan, ya sa wa ɓoyayyen abin suna: raini. Na waje bai dame shi ba. Na matar da suka tsufa tare shi ne ya ci masa rai, har ya kwashi littattafansa ya koma ɗakin baƙi.

Autarsu, wadda ita ma ta taɓa zama a ajinsa, ta zo ganin gida ta tarar kowa ya cika ya yi fam. Ya zayyana mata hujjojinsa tiryan-tiryan. Ta saurara, sannan ta nuna agogon bango.

"Baba, kana jin ƙararsa?"

"Ai wannan tuni ya daina ƙara."

"To shi ma raina ka ya yi?"

Sai Malam ya gane kunnensa ne ya yi nauyi. Alamomin daidai ya tattara, wajen sa suna ne ya kauce, kuskuren da ya sha yi wa ɗalibai faɗa a kai. Auta ta kai shi asibiti aka maƙala masa ɗan abin ji a kunne. Ya hana ta gaya wa uwarta, don kunya ta gama rufe shi.

Washegari da safe yana zaune ya ba ƙofa baya, sai ya ji takun silifas, ya ji kofi yana kaɗawa a kan faranti. Sannan muryar matarsa ta zo daga bayansa, a gajiye, irin ta wadda ta daina jiran amsa.

"Malam, an tashi lafiya?"

Ya juyo. "Lafiya lau. Kin tashi lafiya?"

Saura kaɗan kofin ya suɓuce mata. Ta ajiye shi a gabansa.

"Kullum sai na gaishe ka," in ji ta. "Da ka daina amsawa, ka bar mini ɗakin, ni ma na yi nawa lissafin. Na ɗauka fita na yi daga ranka."