Gem Biyu da Kwanon Baba

Shekarun baya, lokacin ban yi aure ba, ina zaune a gidanmu a Mafoni, babu abin da ke haɗa ni musu da abokina kamar wasu gem guda biyu na kwamfuta. Abokin nan nawa malamin firamare ne, ɗan kudancin Borno, gidansu yana Ajilari. Ranar Lahadi in ya dawo daga coci nakan hau keke in same shi, don su suna da sola, mu kuwa wutarmu sai ta ga dama. Mu shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, mu buɗe kwamfuta, ƙarti biyu masu gemu, har la'asar ta yi sanyi.

Gem ɗin duka biyun iri ɗaya ne a fuska. Kai baƙo ne, ka faɗa cikin mutanen da ke magana da wani yare wanda babu shi a duniya, masu gem ɗin ne suka ƙirƙire shi. Ba tafinta, ba ƙamus. In ba ka gane abin da ake faɗa ba, ba za ka wuce gaba ba.

Na farko, wanda abokina yake so, yana da tsari irin na aji. Za a nuna maka zanen ƙofa, ko ruwa, ko mutum yana gudu, kai kuma ka ɗora alamar da kake zaton ita ce sunansa. In ka dace, sai wata ƙara mai daɗi ta tashi, alamar ta yi haske, an tabbatar maka. Abokina, da yake malami ne, wannan ƙarar tana masa daɗi kamar ya ba ɗalibi maki.

Na biyu, wanda ni na mutu a kansa, mugu ne. Ba ya taɓa ce maka ka yi daidai. Tsohuwa za ta tare ka a hanya ta furta wani abu, ta juya ta tafi, shi ke nan. Sai dai ka lura: yaushe ake faɗin wannan kalmar, ina mai faɗin yake fuskanta, wa ke wurin, kuma yaushe ne ba a faɗin ta. Ka canja abu guda, ka koma ka sake gani. In fahimtarka ta yi, sai ka ga ƙofar da ta daɗe a rufe ta buɗe, babu ko sannu.

Abokina cewa yake yi wannan ba wasa ba ne, azaba ce, kuma duk mai son sa yana da ƙarancin aikin yi. Ni kuma in ce nasa na 'yan aji ɗaya ne, sai dai a haɗa masa da alewa. Mahaifiyata kuwa ba ta bambanta su. A wurinta duka shashanci ne, kuma takan ce sa'annina suna kai 'ya'ya makaranta ni ina can ina koyon yaren aljanu. Nakan yi dariya, amma gaskiya maganar tana sosa min rai.

Ana cikin haka mahaifina ya faɗi a shago. Tela ne, mutumin Kano, tun yana saurayi ya zo Maiduguri bai koma ba. Hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, ya kuma tafi da maganarsa. Da aka sallamo mu daga asibiti, yana ganinmu, yana gane mu, amma in ya buɗe baki sai wasu sautuka da ba Hausa ba, ba Kanuri ba. In ka tambaye shi abu sai ya gyaɗa kai, ka tambaye shi akasin haka ya sake gyaɗa kai. Mutumin da in ya fara ba da labari sai an tashe shi salla, ya koma haka. Abin ya karya min zuciya ƙwarai.

Mahaifiyata ta gyara masa uwar ɗaki ta tsare ƙofa. Miyau yana zubo masa ta gefen baki, hannun dama ya mutu, in zai ci abu sai da hagu. Ta ce mutum mai daraja irin Malam ba za a riƙa kallonsa a haka ba. Duk wanda ya yi sallama a zaure sai a ce masa yana barci. Mu ma duk mun ga daidai ne, rufin asiri ne, kuma don ƙauna aka yi.

Abokina ya yi mana halacci. Ya zauna ya zana hotuna a kwali irin wanda yake koyar da yara da shi: kofin ruwa, gado, bayi, buta, mutum riƙe da kai. Baba ya riƙa nunawa da yatsa, kuma wallahi abin ya yi aiki, wahala ta ragu sosai. Abokina ya dube ni ya ce, "To, malam mai gem ɗin azaba, ka ga amfanin tsari?"

Abu ɗaya ne kwalin ya kasa, kuma shi ne babba. Baba ya ƙi cin abinci. Dama can shi ba mai cin rana ba ne, koko da safe, goro da rana, abincinsa na gaske sai bayan magariba. To wannan na bayan magaribar ne ya ƙi. Da an ajiye kwano a gabansa sai ya sa hannun hagu ya ture shi, ya ce wani abu kamar "dimbe, dimbe," yana huci. Muka yanke cewa dimbe na nufin ba na so. Aka canja tuwo zuwa shinkafa, shinkafa zuwa burabusko, aka yi farfesu, aka yi fate. Abokina ya zana kowane abinci a kwali daban. Baba ya dubi kwalayen ya watsar da su.

Daga baya kokon safen ma ya fara rage shi. Ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Da muka koma asibiti likita ya ce in aka ci gaba a haka, dole a kwantar da shi a sa masa robar abinci ta hanci. Na ga idon Baba lokacin da ake wannan bayani, ya ji komai. A keke napep muna dawowa mahaifiyata ta rufe fuska da mayafi tana kuka ba sauti.

Washegari na ce a bar min kai masa abincin yamma. Ba wata dabara nake da ita ba. Na dai tuna cewa a gem ɗina, duk sanda na kafe a kan ma'anar kalma, yawanci tambayar ce ban yi daidai ba. Maimakon me dimbe take nufi, sai na koma kan yaushe ake faɗin ta. Da safe in ya ƙi koko, kau da kai kawai yake yi, babu dimbe. Da rana babu. Sai bayan magariba.

Sai na canja abu guda. Kullum mai kawo abinci yakan zauna ta wajen ƙofa, don haka in ya ture kwano, wurin mai kawowa yake zuwa, mu ce ya mayar mana. Ran nan sai na zagaya na zauna ta jikin bango. Baba ya sa hannu ya tura kwanon, ba wurina ba, wajen ƙofa, inda babu kowa. Kashegari na juya masa shimfiɗa gaba ɗaya. Ya sha wahala, ya karkace, amma sai da ya nufi ƙofa da kwanon.

Ran da aka yi ruwa da yamma kuwa, unguwa ta yi tsit, na ajiye kwano ina jira. Bai tura ba, bai ce dimbe ba. Ya juya fuska bango kawai. Da aka wayi gari sama ta washe, magariba ta yi, ina zaune kusa da shi sai na ji abin da kullum nake ji amma ban taɓa saurara ba: ƙarar murafen kwanuka a ƙofar gida, ana jan tabarma, da muryar maƙwabcinmu, wani dattijo Babarbare, yana tsokanar wani. Ciyayya ce. Kowane magidanci a layinmu ya fito da kwanonsa a haɗu a ci tare, kuma tun kafin a haife ni Baba bai taɓa cin tuwon dare a cikin gida ba. A daidai lokacin ya ɗago kai ya ce, "Dimbe."

Na fita tsakar gida na sami mahaifiyata tana kwashe tuwo, na ce mata ina ganin Baba ba ƙin abinci yake yi ba, waje yake so a kai kwanonsa, shi ma a kai shi. Ta tambaye ni wa ya gaya min. Da na fara bayani, bakina ya suɓuce na ambaci gem, nan take ta yi min wankin babban bargo.

"Ubanka na kwance rai a hannun Allah, kai kana kawo min zancen wasan yara? Ba zan fitar da mijina a yi kallonsa yana ci da hagu ba."

Na ce, "Umma, ki zo ki tsaya bakin ƙofa kawai. In ban yi daidai ba, ba zan ƙara tayar da maganar ba."

Ta biyo ni tana faɗa ƙasa-ƙasa. Na ajiye kwano gaban Baba, ya tura, ya ce dimbe. Wannan karon ban mayar masa ba. Na rufe kwanon, na ɗauka, na miƙe na nufi ƙofa da shi kamar yadda nake yi ina yaro, na tsaya na waiwayo. Sai Baba ya ɗaga hannun hagu, ya nuna ƙusar da ke jikin bango, inda hularsa zanna take rataye tun ranar da ya faɗi. Baba ko bakin zaure ba ya leƙawa ba hula.

Mahaifiyata ta wuce ni, ta sauko da hular, ta kaɗe ta, ta ɗora masa, ta karya ta yadda yake so. Ta goge masa baki da gefen mayafinta. Ta ce, "Malam, ka yafe mana." Ta juyo ta ce min in ajiye wannan kwanon, ba da shi ake fita ba, in ɗauko na tangaran mai murfi.

Na tallafo shi muka fito. Da dattawan suka gan mu, hira ta tsaya cak. Sai maƙwabcin nan namu Babarbare ya gyara zama ya buga tabarma da tafin hannu.

"Wushe, Afuno!" Wato sannu Bahaushe da Kanuri, haka yake kiran Baba. "Barcin ya ƙare? Mu mun ɗauka tsoron miyar matata ne ya sa ka ɓuya. Zo nan, wurinka babu wanda ya zauna."

Baba ya yi wata dariya karkatacciya, rabin fuska, wadda rabona da ganin irinta tun kafin ciwon. Aka jingina shi da bango, aka wanke masa hannu, aka buɗe kwanuka. Abin da mu a cikin gida muka manta shi ne, a ciyayya kowa gabansa yake ci, babu mai kallon hannun wani ko bakin wani. Baba ya sa hagunsa a burabuskon maƙwabci, ba ma a tuwon gidanmu ba, ya kai baki. Rabi ya zube a riga. Babu wanda ya ɗaga ido, ana ta musu a kan farashin taya da wanda ya fi iya shayi a layin. Ya ci, ya ƙara, ya sha ruwa, ya yi gyatsa, dattawa suka ce masa alhamdulillahi a madadinsa.

Na shiga gida da kwano wayam. Mahaifiyata ta buɗe murfi ta leƙa, ta rufe, ta ce gobe sai a ƙara hannu a tuwon. Ba ta ce na yi daidai ba, kuma har yau ba ta faɗa ba. Amma Lahadin da ta biyo baya, ita da kanta ta tambaye ni ko yau ba za ni Ajilari ba, har da ƙullin dakuwa in kai wa abokina. Robar hanci kuwa ba a ƙara zancenta ba.

Na shiga Ajilari ran nan ina tafiya kamar na ci zaɓe. Abokina ya saurari labarin har ƙarshe, ya share ido, sannan ya ce ai da ya zana tabarma da dattawa a kwali, da tuni an gama. Na ce to me ya hana ka zanawa? Har yau ba mu rabu da wannan musun ba. In za a yi adalci, gem ɗinsa ya ba Baba ruwa da buta, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma shi sai abin da wani ya riga ya zana za ka iya nunawa. Nawa ne ya koya min in yi shiru in kalli inda hannun mutum yake nufa, ko da babu wanda zai buga min ƙararrawa. Ina alfahari da wannan, ba na ɓoyewa.

Baba ya yi wasu shekaru yana fita ciyayya kafin Allah ya karɓi abinsa. Maganarsa ba ta dawo ba, amma kalmarsa ta zauna. Yanzu ni nake fita da kwanon gidanmu, kuma da an idar da magariba za ka ji mahaifiyata daga kicin tana cewa a zo a yi dimbe kafin tuwo ya huce. Maƙwabtanmu Barebari sun ɗauka Hausar Kano ce. 'Yata, wadda ba ta riski kakanta ba, ta rantse Kanuri ne. Ban gyara wa kowa ba.