Azurfar da ta bar kore a ƙugun Goggo

A shekarun da bom ya riƙa tashi a tashoshin motar Gombe, ni ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Kumbiya-Kumbiya da matata da 'ya'ya biyu. Ina da babbar waya da ɗan turancina, kuma duk zuri'armu babu wanda ya kai ni boko, don haka nake ganin babu wanda ya kai ni wayo. Ban rubuto muku don a tausaya mini ba. Haushi ne ya daɗe yana cin cikina, kuma fiye da rabinsa haushin kaina ne.

Goggona, ƙanwar mahaifina, ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata. Da daji ya lalace aka kore musu garke, sai ta baro ruga ta dawo gidana da shanu huɗu da suka tsira. Cikin gari babu inda za a ɗaure su, dole aka sayar, har da wata farar saniya da ta gada daga uwarta. Ranar ba ta ci abinci ba. Washegari ta kira ni ta ce ita ba ta yarda da banki ba, domin ranar da aka yi tashin hankali shi ke fara rufe ƙofa, takardar kuɗi kuma wuta da gara ba sa jin kunyarta. Azurfa take so, irin wadda iyayensu ke ajiyewa, abin da za ta ɗaure a ƙugu ta gudu da shi in gudu ya kama, in ƙasa ta lafa kuma ta mayar da shi shanu. Ta ce in je wurin maƙeran azurfa a kasuwa. Ni kuma uban iyayi na ce mata ai an wuce wannan zamani, ta bar mini komai.

A intanet na ci karo da shafin wani mutum mai tallan sandunan azurfa, 'yan ƙanana kamar yankan sabulu, kowanne da hatimi da lamba, a farashin da ya gaza na kasuwa nesa ba kusa ba. Maimakon arahar ta tsorata ni, ita ce ma ta ja ni. Mutumin nan, Allah ya isa tsakanina da shi, bakinsa ya fi zuma. In muna magana a waya sai ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi iyali, ya jajanta mana halin da muke ciki, in an kira salla ya ce in bari sai ya idar. Da na faɗa masa dukiyar tsohuwa ce 'yar gudun hijira, har addu'a ya yi mata. Ya san dukiyar wace ce, ya kuma ci. Wannan ne har gobe ba zan yafe ba. Na tura kuɗi, bayan kwana huɗu direba ya miƙo mini kwali a tasha, sanduna shida a ciki suna walƙiya, da wata takardar shaida mai kan sarki.

Goggo ta juya ɗaya a hannunta, ta ɗan jinjina nauyinsa, sai ta ce a kai wa maƙeri ya duba, domin ido ba ya sanin azurfa. Na ce to. Amma a lokacin ana binciken mutum a ƙofar kasuwa da na'urar nan mai kuka in ta ji ƙarfe, na ce wa kaina ina ni ina ɗaukar sandunan ƙarfe cikin jaka in tsaya yi wa jami'an tsaro bayani. Wannan hujjar da na ba kaina ke nan. Gaskiyar magana girman kai ne, ba na son wani tsoho mai zuga-zugi ya duba cinikin da na yi da ilimina. Na ga a bidiyo cewa mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, sai na fasa tsohuwar rediyo na ciro nata, na ɗora a kan sandunan ɗaya bayan ɗaya, bai kama ba. Na shiga ɗakinta na ce mata maƙeri ya gani, ya ce ta gaske ce. Na yi wa matar da ta goya ni ƙarya ido cikin ido. Ita kuwa Bafulatana ce ta asali, ba ta tambayar abu sau biyu, ta ce Allah ya yi mini albarka.

Ta ɗinka musu wata siririyar jaka ta ɗaure a ƙugu ƙarƙashin zane. Kusan shekara biyu ba ta rabu da su ba sai wurin wanka. Ranar da aka ce mahara sun shigo gari muka kwashi yara a ƙafa muka nufi gidan surukaina a Manawashi, ina ganinta tana ɗingishi, hannu ɗaya dafe da ƙugu, ta ƙi yarda kowa ya karɓar mata. Har tsokanarta nake yi, ina ce mata Goggo mai banki a ƙugu.

Da abubuwa suka fara sauƙi, ni da kaina na matsa mata a je a sayar a sayo karsana ko biyu ne. Ta yi ta ja da baya, yau ta ce ƙafa, gobe ta ce a bari sai kaka. Na ɗauka sabo ne. Na lallaɓa ta muka je wurin wani dattijo maƙerin azurfa. Bai ko kalli takardar shaidar ba. Ya ɗora sanda ɗaya a kan yatsa ya ƙwanƙwasa, ya ce azurfa tana da dogon amo, wannan kuwa muryarta a toshe take. Ya auna, ya ce nauyin bai dace da girman ba. Sannan ya nemi izini ya sa magagari ya ɗan goge gefe, sai ga ja ya bayyana. Ya ɗiga wani ruwan gwaji a wurin, nan take ya zama kore. Duk shidan jan ƙarfe ne aka yi wa wankan azurfa. Na ce masa ai mayen ƙarfe bai kama ba. Ya dube ni ya ce ai mayen ƙarfe ba ya kama jan ƙarfe ma, ko ƙwarya ba ya kamawa, ya tambaye ni ko ƙwarya ma azurfa ce. Ya ƙara da cewa wannan dubawar ko sisi ba sa karɓa a kanta.

Na fito ina huci, ina kiran lambar da ta daɗe da mutuwa, shafin ma babu shi. Haka muka iso gida. Matata ce ta ja ni gefe ta faɗa mini abin da ya ƙarasa ni. Ta ce tun damina ta farko gumi ya cinye farin da ke gefen sandunan, har fatar ƙugun Goggo ta yi kore, ita ta gani da idonta ranar da take shafa mata man zafi. Goggo ta ce mata azurfa ba ta yin haka, ta kuma sa ta rantse ba za ta faɗa mini ba, wai kada ɗan yayanta ya ji kunya a cikin gidansa. Ashe har ranar gudun nan ta san abin da take ɗauke da shi. Ta san ban je wurin maƙeri ba, ta ci gaba da ɗaukar jan ƙarfe don ta rufa mini asiri.

Na tara kuɗi na saya mata karsana ɗaya daga baya, ta karɓa ta gode, amma har ta koma ga Allah ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ni ma ban iya buɗe baki na nemi gafara ba. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Don haka duk mai sayen azurfa ko zinari a waya, kada hatimi da takarda da daɗin baki su ruɗe shi, kada kuma ya tsaya a gwaji ɗaya da ya gani a bidiyo. Ya sa maƙeri ya ƙwanƙwasa, ya auna, ya goge, tun kuɗi bai bar hannunsa ba, wanda ya ƙi yarda da haka ɓarawo ne. In kuwa dukiyar amana ce, abin da mai ita ya ce a yi shi za a yi. Sandunan shida suna nan cikin akwatina a jakar da ta ɗinka, na kasa zubarwa.