Tsohon da Ya Ƙi Sanda

A ɗakin maza na wani asibitin Maraɗi, Tahira tana yi wa mahaifinta fifita, amma idonta na kan tsohon da ke gadon bakin ƙofa. Dogo ne, ramamme, an liƙe masa ido ɗaya da auduga. Tafin hannunsa duk kanta, shi ya sa take zaton magini ne, irin waɗanda suka ƙare ƙuruciya a kan tsani ba mai riƙe su.

An kira azahar. Tsohon yana sauko da ƙafafu a hankali, yana laluben takalmi. Sandar da majo, ma'aikacin jinya mai kula da ɗakin, ya ba shi tana jingine da bango, ko kallonta bai yi ba.

"Baba, ka jira ɗanka ya dawo," in ji Tahira. "Yanzu aka wanke baranda, ba ta bushe ba."

"'Yata, benaye nawa na hau a garin nan? Alwala ce za a raka ni?"

Ya miƙe. Ya dafa ƙarfen gado na ɗan lokaci, sannan ya saki. Majo yana can wani ɗakin. Tahira ta yunƙura, mahaifinta ya riƙe mata hannu gam cikin zafin zazzaɓi.

Tsohon ya fita. Tana jin takunsa a kan jiƙaƙƙen siminti, ɗaya, biyu, uku. Daga nan ba ta ƙara jin komai ba.