Ranar da na bar tsoho ya ɗauki akwatina

Shekarun baya, bayan na daɗe da komawa Ikko ina sayar da goro da sabulu, wani ma'aikacin jirgin ruwa ya kawo mini saƙo daga Bahiya, garin ƙetaren teku inda na yi bauta: 'yata ta samu 'yanci, ta yi aure, har ta haihu. Tana goye a bayan uwarta na bar ta, don a lokacin kaina kaɗai na iya fansa. Na ce sai na je na gan ta, in zauna wasu watanni, ko me zai faru.

Matsalar ɗaya ce. Dokar can ta ce haifaffen ƙasarmu, in ya fanshi kansa ya fita, ba ya komowa. In suka gane ka, sai kurkuku, daga nan a mayar da kai a jirgin da ya kawo ka. Amma ɗan kasuwa mai takardar Turawan Ingila, wanda bai taɓa taka garin ba, sukan ƙyale shi ya shiga da hajarsa. To, na nemi takardar. Na sayi babbar riga don ta rufe kantar da ke kafaɗata. Na sayi takalmi, don a Bahiya bawa ba ya sa takalmi, kuma ƙafa suke fara duba kafin fuska. Ni kuwa ƙafar ɗan dako gare ni, faffaɗa kamar faifai. Tun a jirgi takalmin ya fara cin dunduniyata.

Da hantsi muka sauka. Aka jera mu a bakin ruwa, gaban wani ɗan sanda Bature da ke zaune a rumfa, da Bayarabe a gefensa yana yi masa tafinta.

"Ya ce ka taɓa zuwa garin nan?" in ji tafintan.

"Ban taɓa ba."

Ina faɗa, ina kallon ɗakunan ajiyar da na ƙare ƙuruciyata ina fito da buhunan sukari daga cikinsu. Baturen ya duba takarda, ya duba tsagar fuskata, ya duba takalmi. Sai ya kau da kai, ya ce da yarensu, da irin muryar da suke yi wa bayi: "Kai, ɗauke akwatin nan daga hanya."

Wallahi hannuna ya motsa. Kunnena ya yi kamar bai ji ba, amma hannun ya saba. Na yi sauri na mayar da shi sosa ciki. Mutumin ya ajiye alƙalami, ya zuba mini ido, yana jira ya ga wa zai ɗauki akwatin.

A nan ne na hango shugaban 'yan dakonmu na dā, wanda ya koya mini naɗa gammo. Gemu ya yi fari fat, yana jan ƙafa ɗaya. Ya gan ni, ya buɗe baki zai kira sunana. Sai ya dubi takalmin, ya dubi ɗan sandan, ya rufe bakin. Ya zo ya daki akwatin da tafin hannu, ya ɗaga murya da Hausa kamar mai rigimar ciniki.

"Kai mummuna, ashe ba ka mutu ba? Ɗaure fuska, ka yi mini tsawa kamar na tsawwala."

"Baba, ina 'yata?" na daka masa tsawa, ina kaɗa hannu.

"Tana saman gari tana ƙosai. Namiji ta haifa, da ƙaton kai irin naka, Allah ya kyauta. Kada ka taɓa akwatin nan."

"Da nauyi fa, Baba. Ga ƙafarka."

"Ƙafarka ce ko tawa? Ka taɓa shi ka koma teku."

Baturen ya tambayi tafinta me muke cewa. Ya ce faɗan kuɗin dako ne. Ko ya ji Hausa ko bai ji ba, Allah ya saka masa.

A sana'armu ta dako ba a barin mutum ya ɗora wa kansa kaya, ko maƙiyinka ne sai ka kama masa. Ni kuwa na goya hannu a baya na tsaya. Tsoho ya durƙusa, ya ɗago akwatin zuwa gwiwa, ya kasa, ya ajiye. Ya sake. Ina jin numfashinsa. Na kafa ido a kan teku, na cije haƙora, ina ce wa kaina 'yarka kawai, 'yarka kawai. Da ƙyar ya kai shi ka.

Baturen ya yi dariya, ya ce wa na kusa da shi, "Wannan ko ubansa ne ba zai kama masa ba." Ya buga hatimi, ya miƙo mini takardata.

Muka kama hawan da ke kaiwa saman gari, shi a gaba da kaya, ni a baya ina ɗingishi cikin takalmi. Muna shan kwanar farko, inda rumfar ba ta hango mu, na fizge akwatin na ɗora a kaina, na tuɓe takalman na miƙa masa. Haka muka isa. 'Yata ta taso daga gaban kaskonta, ta ga ɗan dako ba takalmi, ta ga tsoho riƙe da takalmi, ta ce masa da yaren garin, "Baba, ina baƙon mai takalmin?"

Ya ce, "Ga shi nan a ƙarƙashin kaya."

Na ɗauki kaya iri-iri a rayuwata, har gadon bayana ya lalace, amma ban taɓa jin nauyi kamar na tsayuwar nan hannu a baya ba. Tsohon ya rasu tuni. Har yau in na ga dattijo zai ɗora kaya, ba na iya wucewa.

Ranar da zan koma, dole na sake sa takalmin, shi kuma ya sake ɗaukar akwatin. Sai dai na kwashe komai na bar wa 'yata da jikana. Fanko ya ɗauka, yana ta nishi da ƙarfi don ɗan sandan ya ji.