Tabarmar Inna a Ƙofar Majami'a

Shekarar da na gama karatun Littafi Mai Tsarki na wata shida, kaina ya kumbura har hula ba ta zama. Mushe ne ni, wato malamin makaranta, a wata lakwal ta Sabon Gari a Maraɗi, ina zaune a unguwar Zariya, ga kaye guda, littafin rubutuna, cike da misalan Yesu, kowane da fassararsa a jere, lamba ɗaya, lamba biyu. A ganina duk wanda ya haddace kayen nan ya gama da misalai. Ni da ban taɓa riƙe sungumi na yi shuka ba.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, dattijo ne a wata ƙaramar majami'a a ƙauyensu, bayan Tsibiri. Wata Lahadi gab da damina fastonsu ya tafi Jiratawa jana'iza, sai kawu ya aiko in zo in yi wa'azi. Na hau kabu-kabu da rigata mai guga, ina ta maimaita jimloli a hanya.

Tun kafin in kakkaɓe ƙura kawu ya ja ni gefe. Ya ce matarsa, wadda nake kira inna, ta fara zuwa. Inna ba Kirista ba ce. Bori ta gada a gidan ubanta, kuma shekara wajen talatin suna tare bai taɓa cewa ta bari ba, ita ma ba ta taɓa hana shi addu'arsa ba. To, Lahadi uku ke nan a jere tana ɗauko tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙofar majami'a, daga waje, tana saurare. Kawu ya roƙe ni abu ɗaya: kada in dube ta, kada in yi maganar da za ta san an gan ta. Na ce to. Amma a raina cewa na yi tsohon nan ya cika sanyi, aikin da ya gagare shi shekara talatin ni yau zan gama shi kafin azahar.

Matar nan ita ta goye ni shekara biyu lokacin da mahaifiyata ke kwance ba lafiya. Na faɗi wannan ne don a san girman abin da na yi.

Na zaɓi misalin mai shuka, wanda irinsa ya faɗi wuri huɗu: bakin hanya inda tsuntsaye suka tsince, kan dutse, cikin ƙaya, da ƙasa mai kyau. Na nemi alli na ja layi huɗu a jikin bango kamar ina gaban ƴan aji. Manoma ne zaune a gabana, masu tsagaggun dugadugai, ni kuwa ina koya musu mece ce ƙasa mai kyau. Suna ta gyaɗa kai don kunyar kawu, ni na ɗauka daɗin maganata ne ya kama su.

Da na zo kan bakin hanya sai bakina ya yi zafi. Na ce akwai zuciyar da ta zama fako, maganar Allah tana zuba a kanta shekara talatin a cikin gida ɗaya, amma iskoki suna tsincewa kullum, don mai ita ta fi son yanka baƙar akuya. Sai na ɗaga ido na dubi ƙofa. Dukan majami'ar ta waiwaya tare da ni.

Inna ba ta yi gaggawa ba. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta kaɗe tabarmar, ta naɗe ta, ta sa a hammata. Ina tsaye da alli a hannu ina kallon bayanta har ta shige tsakanin rumbuna. Allah ya sani, ko a lokacin ban ji kunya ba. Cewa na yi magana ta soke ta, kuma haka ake so.

Bayan an tashi kawu ya yi gaba, ya yafito ni da hannu, na bi shi cikin rana har gonarsa. Ban ga komai ba sai busasshen rairayi. Ya tsaya wani wuri ya ce in tona. Na durƙusa da wandona mai guga na tona, sai ga ƙwayoyin hatsi ƴan kaɗan a kwance. Ya ce wannan shi ne binne: ana shuka tun ruwa bai sauka ba, iri ya kwanta a busasshiyar ƙasa yana jira, wani lokaci sati uku, wani lokaci fiye. Mai wucewa sai ya rantse ba kowa a gonar. Ya ce ba a tonawa don a ga ko yana nan, domin abin da aka tona na zabi da tsuntsaye ne.

Na fara kare kaina, ina cewa ai a littafi an bayyana ma'anar kowace ƙasa. Ya bar ni na gama.

"Ɗana," ya ce, "ka karanta misalin nan ka ba kanka matsayin mai shuka. A cikinsa akwai tsuntsu ma. Yau kai ne shi."

Nan kunya ta sauko mini. Na yi ta ƙoƙarin mayar da rairayi kan ƙwayoyin da tafin hannu, shi kuwa ya juya ya nufi gida.

Na iske inna tana dama fura. Na tsuguna nesa da ita na kasa haɗa kalma biyu, ni mai jimloli. Ita ta fara gaishe ni, ta tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta, ta miƙo mini ƙwarya da ludayi. Ta ce labarin ya yi mata daɗi tun farko, musamman manomin, da ba ya rowar iri, ba ya tsayawa tambayar ƙasa ko ta cancanta. A wata shida na karatu ba wanda ya nuna mini wannan. Na ce ta yafe mini. Ta ce ba komai, in sha furata.

"Da ma na zo in ji muryar wanda na goya yana karatu ne," ta ce. "Na kuwa ji."

Ba ta sake zuwa ba. Kawu ya ɗauki tabarmar, kowace Lahadi ya shimfiɗa ta a bakin ƙofa kafin a fara waƙa, in an tashi ya naɗe. Na je sau da yawa bayan haka, ina raɓawa ta gefenta in shiga, in zauna a bencin baya. In aka ce in yi wa'azi sai in ce maƙogwarona ba lafiya.

Inna ta rasu bara, ana cikin girbi. Danginta suka yi mata abin da suka gada, mu muka zauna makoki. Ranar da zan koma Maraɗi kawu ya rako ni bakin hanya, ya ɗaure tabarmar a bayan babur da hannunsa, ya ce a gaida mutanen gida. Tana nan bayan ƙyauren ɗakina a naɗe, har yau ban iya shimfiɗa ta ba.