Shafi na Tara

Inna Mai Awo kowa yake ce mata a cibiyar binciken shanun madara. Shekara ashirin da uku ta yi a ɗakin gwaji, tana niƙa dusa da harawa don gano abin da ke cikinsu, tana auna maiƙon madara. Shugaban cibiyar ma a hannunta ya koyi aikin, tun yana ɗalibi.

Wata shekara wani kamfani ya kawo sabon abincin shanu a gwada masa. Nono ya ƙaru, kowa ya yi murna. Amma Inna ta gano gubar funfuna a cikin abincin, ta kuma same ta a madarar. Sau uku ta maimaita gwajin kafin ta rubuta rahoto.

Da rahoton ya fito, an cire shafin da ta yi bayanin gubar, an bar sa hannunta a ƙarshe. Ta wuce ofishin shugaban ko rigar aiki ba ta cire ba.

"Dakta, ina shafi na tara?"

"Haba Inna, injin gwajin nan ya tsufa, ke ma kin sani."

"Injin ne ya tsufa ko ni? Yara fa za su sha madarar nan."

Ko ɗagowa bai yi ba.

Bayan sati biyu aka mayar da ita sito, wai ta huta da tsayuwa. Wata shida ta daure, sannan ta ajiye aikin. Ta ce ba siton ne ya kore ta ba. Abin da ya kore ta shi ne, kullum da safe sai shugaban ya leƙo yana murmushi ya ce, "Inna, an tashi lafiya?"