Biyun Inna da Ukun Baba

Ina sussukar shinkafa a bakin fadama labarin ya iske ni. Wani masunci ne daga Kirikasamma ya turo jirginsa cikin ciyawa, ya yi sallama, ya tsaya bai sauko ba. Da na ga ya cire hularsa na ajiye sanda. Ya ce, "Baiwar Allah, sai haƙuri. Malama, mahaifiyarki, ta cika jiya da hantsi, an kai ta." Na ce Allah ya jiƙanta. Ban yi kuka a nan ba, domin akwai wanda zan je in gaya wa, kuma ban san da wane baki ba.

Idan ka taɓa zama a Haɗeja ka ji waƙoƙin wa'azin mahaifina. Makafi na rera su a bakin kasuwa, mata na yin su wajen daka, fatake sun kai su har Katagum da Kano. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda ake yin su, ni kuwa a gabana aka yi.

Inna ce ke farawa. Tana zaune bakin ɗaki da mazari, tana kaɗi, sai ka ji ta yi shiru, leɓenta na motsi. Can sai ta ɗaga murya ta saki ɗango biyu. Baba yana zaure, katanga ce kawai tsakaninsu. Ya ɗauki biyun nan ya yi ta juya su, wani lokaci har a yi la'asar, sannan ya gina uku ya sa su kafin nata, baiti ya cika biyar. Malamai na kiran wannan tahamisi. Ni da nake ƙarama na ɗauka haka kowane gida ake yi, kamar yadda mace ke daka namiji ke noma.

Da damina, idan kogi ya cika ya malale gonaki, gidanmu warin danshi da bandar kifi yake yi. A lokacin suka fi yin waƙa, don ba inda za a je. Nakan ji Baba ya yi dariya daga zaure ya ce, "Kai, wannan mata! Ina kika samo wannan?" Ita kuma ta ce, "Inda ka bar naka, Malam."

Al'adar mawallafa ce a baitin ƙarshe mutum ya faɗi wanda ya yi waƙar, don a yi masa addu'a. Baba yakan sa sunansa da na mahaifinsa. Shekara da shekaru Inna ba ta ce komai ba. Ranar da ta yi magana, wata baƙuwa ce ta zo daga Jahun, ta rera mata waƙarta, ta ce mijinki Allah ya ba shi baki. Da baƙuwar ta tafi, Inna ta je bakin zaure ta tsaya.

Ta ce, "Malam, ba yabo nake nema ba. In na mutu, wa zai yi mini addu'a a kan abin da na yi?"

Ya ce, "Sunan matata a bakin makafin kasuwa? Ba a gidan nan ba."

"Maganata tana bakinsu ai."

"Magana daban, suna daban."

Ba zan ce Baba mugu ba ne. Tun da aka kawo ta gidan bai taɓa kiran sunanta ba, don kunya, kuma a ganinsa rufin asiri yake yi mata. Amma yana da zafin zuciya, yana kuma son a ce shi ne. Inna kuwa ba ta mayar da magana sau biyu. Daga ranar ta ci gaba da kaɗi, leɓenta na motsi, amma ba ta ƙara ɗaga murya ba. Gida ya yi tsit. Faɗa ya koma kan gishiri da itace da ƙananan abubuwa. Da ruwa ya cika a wata damina, kawuna ya zo da jirgi ya ɗauke ta. Ni aka bar ni gidan uba, yadda ake yi.

A Kirikasamma ta yi nata sunan. Matan masunta suka riƙa taruwa wajenta, tana koya musu tsarki da salla cikin waƙa mai ɗango biyu, gajera, mai shiga kai. Baba kuwa ya yi ta karantarwa, ana ta girmama shi, amma sabuwar waƙa ba ta ƙara fita daga zaurensa ba. Mutane suka ce tsufa ne. Ni na san bai iya farawa ba ne. Hannunsa na gini ne a kan tushen wani.

Da na isa gida ranar da masuncin ya zo, na same shi a kan buzu, idanunsa sun riga sun tafi, ba ya gani. Tun ina ƙarama Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na durƙusa na faɗa masa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Uwata, ki je gaisuwa. Abin da ta bari a bakin matan can, ki ɗauko mini."

Na je. Matan suka rera mini waƙarta ta ƙarshe, a kan mutuwa da kwanciyar kabari, har na haddace. Na tambaye su baitin rufewa, suka ce ba ta yi ba, ta ce a bar wurin haka.

Duk ranin nan ina zaune bakin ɗakin da ta bari, ina ɗaga murya da biyunta, shi yana zaure yana gina ukunsa. Bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba, kuma malaman da suka ji sun shaida. Da muka kai ƙarshe ya ce, "Na rufewar ni zan yi shi duka, da sunanta a ciki." Na ce to, Baba. Washegari ya ce bai samu farkon ba. Bayan kwanaki ya ce ya kusa. Ruwan farko na sauka ya kwanta, bai tashi ba.

Yanzu ni ma na tsufa. Zauren ya koma hannun jikokin ɗalibansa, yaran da ba su ga Baba ko Inna ba. Suna rera waƙar da kyau, suna cewa ta Malam ce. Duk wanda ya tsaya ya saurare ni ina gaya masa cewa biyun ƙarshe na kowane baiti na mahaifiyata ne, kuma ba na shakkar abin da na gani. Waɗansu su yarda, waɗansu su ce tsohuwa ce. Amma maganar baki tana mutuwa da mai ita, abin da ke cikin waƙa shi ke zama. Ni ban iya waƙa ba. Baitin da sunanta zai shiga har yau ba a yi shi ba.